Shiri ɗaya, kwafi huɗu: rajista nawa za a buɗe?

Malam, tambayarka ita ce: shirin rediyo ɗaya da kuke adanawa a Jos yana da na kaset, da wanda aka juye zuwa MP3, da guntun da aka yanka don Facebook, da fassarar Turanci, shin a haɗa su a rajista ɗaya? A'a, kowanne a buɗe masa tasa, sannan a ɗaure su da alaƙa. Abin dubawa shi ne ko abin da ke ciki ya sauya. Idan maganar tana nan yadda take, mazubi kawai aka canza, kamar kaset da MP3, a tsarin Dublin Core, wato ƙa'idar rubuta bayanan abin da aka adana, alaƙar da ake kira isFormatOf ake sa wa. Idan kuwa an yanke, an ƙara, ko an sauya harshe, to isVersionOf ne, uwar, wato shirin na asali, kuma ta ɗauki hasVersion. Shi replaces, mai nufin maye gurbi, ka ajiye shi sai ranar da gyararre ya soke na farko gaba ɗaya. Mutane na yawan liƙa shi inda bai dace ba.

Sharaɗi ɗaya zan ƙara: kowane reshe ya nuna ainihin wanda aka ciro shi daga jikinsa, kada duka su nuna uwa. A wani ɗakin adana da na yi aiki a Abuja, an taɓa cire waƙa daga wani shiri saboda haƙƙin mallaka, amma guntayen da aka yanka tun kafin gyaran suna ɗauke da ita. Da yake duk uwa suke nunawa, rajistar ta kasa bambance su, sai da aka zauna aka saurare su ɗaya bayan ɗaya.