Amsa ga mai tambaya kan bututun gas da ya fito a ramin fandisho

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kuna ƙara kicin ta bayan gida a Birmingham, masu haƙan fandisho sun ci karo da bututun roba ruwan ɗorawa, magininka kuma ya ce zai ɗan karkatar da shi a zuba kankare. Don Allah ka dakatar da shi tukuna.

Na daɗe ina aikin gyaran gidaje a nan Ingila, kuma abin da mutanenmu suka fi kasa ganewa shi ne wannan bututun ba naka ba ne. Mu da muka taso da tukunyar gas a gida, in ka murɗa kanta shi ke nan. Nan ba haka ba ne. Daga titi har zuwa makullin da ke jikin mita, na kamfanin rarraba gas ne, a wajenku Cadent ke nan. Ko ka rufe makullin, gas ɗin cikin gida kaɗai ka tsayar, na wajen yana nan cike. Magini ba shi da hurumin taɓa shi, haka ma mai gyaran gas da ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, nasa aikin daga mita ne zuwa ciki. Kuma ba a yarda a yi gini a kansa ba, domin in ya fara yoyo ƙarƙashin daɓe, iskar za ta taru inda ba mai gani. Ka nemi kamfanin su sauya masa hanya. Za ka biya, za ka kuma jira makonni, sai haƙuri.

Kafin a ci gaba da haƙa, ka nemi taswira a LSBUD, shafin intanet da ke nuna inda bututu da wayoyi suka bi a ƙarƙashin ƙasa, kyauta ce, amma kada ka saki jiki da ita, galibi ba ta nuna ƙaramin bututun da ya shigo gida. Na'urar laluben wayoyin ƙasa ma ba ta jin roba. A ƙa'ida zurfinsa a cikin filin gida wajen milimita 375 ne, amma na sha ganinsa kusan a sama, an kwashe ƙasar sama don shimfiɗa tayil, tsawon shebur ɗaya sai ga shi. Saboda haka katafila ta tsaya aƙalla rabin mita nesa da shi, a yi da shebur a hankali, ban da diga. Tsohon bututun ƙarfe mai tsatsa ma kada wani ya ce maka matacce ne, sau da yawa an zura na roba a cikinsa.

In an riga an ƙwarzane shi, ko da ba ka jin wari, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. In kuwa akwai wari, kowa ya bar wurin, ban da sigari, ban da taɓa makunnin lantarki, kada kuma wani ya ce zai naɗe shi da roba ko ya tura masa ƙasa. Ka kira daga nesa.