Amsa kan jirgin yaƙin Italiya Fiat CR.42

Ka tambayi dalilin da ya sa Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940 da Fiat CR.42, jirgi mai fukafukai hawa biyu, alhali Ingila da Jamus sun riga sun koma ga masu hawa ɗaya. Dalilin shi ne nasarar da magabacinsa, CR.32, ya samu a yaƙin basasar Sifaniya daga 1936 zuwa 1939, wadda ta sa hafsoshi da matuƙa suka ɗauka cewa saurin juyawa a sama ya fi gudu muhimmanci.

Sai dai a shekarun da na yi ina bibiyar wannan tarihi, na fahimci cewa rashin inji mai ƙarfi ma ya ɗaure musu hannu, domin gudun CR.42 bai wuce kusan kilomita 440 a awa ba, kuma sai da aka ɗora injin Jamus, DB 601, a kan wani jirgin yaƙinsu, Macchi C.202, kafin suka kai kusan kilomita 600 a awa a 1941. Shi ya sa ba na yarda a raina matuƙansu. Mario Visintini, wani matuƙin Italiya, da CR.42 ɗin ya kakkaɓo jiragen Birtaniya da dama a sararin Eritiriya, kafin ya rasu a Fabrairun 1941.