Agogon gado yana gudu, in bari a ɗiga masa mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji agogon Seiko 5 na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kwanan nan kullum sai ya wuce lokaci da kusan minti goma. Wani mai gyara a bakin titi ya ce in kawo ya ɗiga masa man keken ɗinki. Ina tsoron kada ya lalace a hannuna. Daga mai karatu a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ba shi agogon nan.

Agogon da ba na batir ba, idan yana gudu haka, a duba siririn sifirin ɗin nan mai kama da gashi, wanda ke juya ƙafar bugu, wato 'yar ƙafar da ke kai da komowa a cikin injin. A yawancin Seiko 5 na da, tana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa. Da zarar zagayen sifirin sun manne da juna, ya gajarce, bugu ya ƙaru, agogo ya yi gaba. Abu biyu suka fi manne shi: maganaɗisu, daga lasifika ko murfin waya, sai kuma mai. To ka ga maganin da aka ba ka shi ne cutar.

Wannan magana ta man keke ta ishe ni. Kullum sai an kawo mini agogo, in buɗe bayansa in tarar da ciki ya yi danƙo baƙi ƙirin, ƙurar hunturu ta haɗu da mai tana cin haƙoran ƙafafun injin. Wasu har tsoma injin suke yi a fetur ɗungurungum, su busa da baki, su karɓi kuɗi. Haba! Agogo yana da nasa man, kuma da bakin allura ake ɗiga shi a kan ƙananan duwatsun nan 17 ko 21 da ke rage gogayya a cikin injin, ɗigon da sai da madubin ido ake gani, bayan an kwance komai an wanke. Sifirin gashi kuwa ba a sa masa ko kaɗan. Wanda bai san wannan ba ya ji tsoron Allah, ya bar amanar mutane.

Ka nemi mai na'urar cire maganaɗisu, aikin ɗan lokaci ne. In bai daidaita ba, a yi masa cikakken wanki, kuma a riƙa maimaitawa duk bayan shekara huɗu zuwa biyar. Kada ka canza kwanan wata lokacin da agogon ke nuna tsakanin ƙarfe tara na dare da huɗu na asuba, kuma ka cire shi kafin alwala.