Filin Tambaya da Amsa: Kusurwar da Ke Tsakanin Fekta Biyu

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Zariya, ina shirin jarrabawar WAEC. An ba mu fekta biyu, wato layuka masu tsawo da alkibla, a = 3i + j da b = −2i + j (i taku ɗaya ne zuwa dama, j kuma taku ɗaya zuwa sama) domin mu nemo kusurwar da ke tsakaninsu ta hanyar ninkin ɗigo. Na samu −5, sai na yar da alamar ɗebewar, na rubuta digiri 45, amma aka soke mini. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yata, lissafinki daidai yake har zuwa inda kika yar da alamar, domin a cikinta amsar take. Ninkin ɗigo hanya biyu gare shi, kuma dukansu lamba ɗaya suke bayarwa. Ta farko, a ninka lambar i da takwararta, ta j da takwararta, sannan a tara: 3 sau −2 ya ba da −6, 1 sau 1 ya ba da 1, jimla −5. Ta biyu kuwa ita ce tsawon a sau tsawon b sau cos θ, wato kosayin kusurwar θ da ke tsakaninsu. Ƙa'idar Fitagoras ta ba mu tsawon a √10, na b kuma √5, don haka cos θ = −5 ÷ √50, wato kimanin −0.7071, kuma kusurwar da ke da wannan kosayin ita ce digiri 135.

Tsawo ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, saboda haka kosayin ne kaɗai ke ɗauke da alamar. Idan ninkin ya haura sifili, kusurwar ba ta kai digiri 90 ba; idan sifili ne cif, fektocin sun haɗu a kan digiri 90; idan ya faɗi ƙasa da sifili, to kusurwar ta buɗe ta wuce 90, kuma fektocin sun fi kusa da juya wa juna baya. Haka abin yake a fiziks, inda aiki yake daidai da F·d, wato ninkin ɗigo na ƙarfi (F) da tafiyar da abu ya yi (d): gogayyar ƙasa da ke riƙe tayar amalanke tana adawa da tafiyarta, shi ya sa aikinta ke fitowa da alamar ɗebewa.

A ganina, kafin ki taɓa kalkuleta ki zana fektocin su taso daga wuri ɗaya. Za ki ga a ta nufi dama, b ta karkata hagu, kuma ido kansa zai ƙi yarda da 45. Sannan ki duba ko kalkuletar tana kan digiri, domin idan tana kan radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa na daban, 2.356 za ta nuna miki a maimakon 135.