Tambaya da Amsa: Dattijon Wales Mai Murza Ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce a wasan kurket an taɓa yin wani mutumin Wales da ya ci kofi yana ɗan shekara 50. Da gaske ne? Yaya dattijo zai kara da samari? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne. Sunansa Johnnie Clay, an haife shi a ƙauyen Bonvilston a 1898, ya rasu a 1973. Ya fara yi wa Glamorgan, ƙungiyar kurket ta wata gunduma a Wales, wasa a 1921, shekarar da ƙungiyar ta shiga gasar gundumomin Ingila. A watan Agusta 1948, a Bournemouth, ya fitar da 'yan ƙungiyar Hampshire har sau tara a wasa ɗaya (wato jifansa ya kawo ƙarshen damar dukan ƙwallo ta mai riƙe da sanda), Glamorgan ta ɗauki kofin karo na farko.

Da jifa mai ƙarfi ya soma, ciwo ya sa ya koma jifan murzawa, wanda ba ya cin jiki. Yatsan nuni da na tsakiya ake warewa a kan ɗinkin ƙwallo, babban yatsa ba shi da wani aiki. Taku kaɗan mutum zai yi, ba gudu, a wajen saki kuma ya murɗa yatsun kamar mai buɗe ƙofa da makulli. Ƙwallon, mai nauyin giram 160 ko kusa da haka, sai ta tafi tana juyi a tazarar mita 20. Tana dira ƙasa sai ta karkato ta shigo wa mai duka badame ta wajen ƙafafunsa, inda turaku uku da yake karewa suke a bayansa.

Wurin dirar shi ne komai. In ta faɗi nesa da mai duka, ya ga karkatarta, zai ja baya ya make ta. In ta faɗi a gindinsa, ba ta sami damar juyawa ba. Ana son ta sauka inda zai rasa ko ya matso ko ya ja baya. Masu koyo kan danne ƙwallo a tafin hannu, juyin ya mutu. Wasu kuma ɗinkin ya yi ta goge musu yatsa har ya tsage. Clay dogo ne, jifansa daga sama yake saukowa, kuma a zamaninsa akan bar filin a buɗe ruwa ya doke shi, yana fara bushewa ƙwallo ta riƙa kama ƙasa. A 1937 kaɗai sau 176 ya fitar da mai duka.

Sau ɗaya tak ya yi wa Ingila wasa, da Afirka ta Kudu a 1935, bai fitar da kowa ba. A ganinmu an yi masa rowar dama. Ingila ya yi wa wasa don Wales ba ta da tata tawagar a wannan mataki mafi girma na wasan ƙasa da ƙasa, har yau.