Boganbiliya ba alayyahu ba ce

Ka ce boganbiliyar da ka dasa a jikin katanga, fulawar nan mai ƙaya, ta yi ganye shar amma ta ƙi fure, wai ko ka ƙara mata taki. Kai yaro, ajiye buhun nan! Ruwa da takin ne suka hana ta.

Ka fama mini tsohon miki. Wani Alhaji a GRA ya taɓa ba ni aikin katangar gidansa, dashe 40. Da hannuna na yanko rassan, na kafa su a leda, wata biyu ina lallaɓa su a inuwa kafin su yi saiwa. Ranar dashe da reza na riƙa tsaga ledar, don saiwarta ba ta son a wargaza ƙasar jikinta. Na ja waya na ɗaure kowane reshe, tunda ba ta manne wa bango da kanta. Dubi hannuna, tabon ƙayarta ne.

Na ce masa in ta kama a rage ruwa. Ina juya baya ya sa maigadi sakar mata tiyo safe da yamma, har cikin Agusta da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga yuriya ana barbaɗawa. Bakwai suka ruɓe, sauran suka zama daji. Na je karɓar cikon kuɗina, a gaban baƙinsa ya ce wai namiji na sayar masa. Namiji! Ni da na shekara 30 ina renon fulawa a Samaru. Rabin kuɗin ya riƙe. Da hunturu ya shigo rijiyarsa ta ja baya, katangar ta rine ja wur, masu wucewa na tsayawa ɗaukar hoto. Har yau bai neme ni ba. Allah ya isa.

Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Barazil, rana take so da ɗan ƙishi. Abin da kake kira fure ma ganye ne mai launi, furen gaskiya shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Da ku yaran yanzu kuna ɗaga kai daga waya, da ka gani da idonka.

 Bar ta sai ƙasa ta bushe, ganye ya fara langaɓewa, sannan ka ba ta ta ƙoshi. Aski sai ta gama fure, domin a sabon reshe take yin wani. Maza je ka rufe famfon can.