Gajeren zuwa, motar manhaja ko tasi?

Malam kana tambaya wai daga Malali zuwa Unguwar Rimi a Kaduna, motar manhaja, wato wadda ake nema ta manhajar waya, za ka kira ko tasi? Tare tasi ko keke napep kawai, indai ba shata za ka ɗauka ba.

Manhajar nan akwai kuɗin da ba ta sauka ƙasa da shi komai kusancin wajen, kuma a ciki kamfani zai cire kasonsa, ga man da direba zai ƙona kafin ya iso ka, shi ya sa in ya kira ya ji nan kusa ne sai ka ga ya kansal, ni dai har na saba. Mai tasi kuwa kujera yake sayarwa, ya sauke ka ya ɗauki wani. Sai dai in dare ne ko da kaya, nan kam kira ta waya.